Fatar Karsanar Cigiya

Ni ne mai laifi a maganar karsanar nan. Tsohon da aka ɗora wa bai ci komai ba. Na san haka tun ranar da abin ya faru, na kuma yi shiru shekara bakwai, ina ci ina sha, ina tsayawa sahun gaba a masallaci. Yanzu na tsufa, jikokina suna jin mutanen Tambuwal na cewa kakansu malamin kotu ne mai gaskiya, ni kuwa in na ji haka sai in rasa inda zan sa kaina. Shi ya sa nake rubuta wannan, tun idona yana ganin layi.

A Tambuwal aka haife ni. Karatuna bai yi nisa ba, daga allo sai elementare, amma ina da kyan rubutu, lissafina kuma ba laifi. Da wannan En'e, wato hukumar gargajiya, ta ɗauke ni malamin kotu, aka tura ni wata ƙaramar kotun alƙali a ƙasar Kebbe, ana saura kaɗan a sami mulkin kai. Aikina rubuta shari'a da yanka rasit da riƙon littattafai. Cikin littattafan akwai wani siriri mai baƙin bango wanda ba kowa ya damu da shi ba, shi ne littafin tsintuwa.

In dabba ta ɓace wa mai ita, wani ya tsince ta, kotu ake kawo ta. Ni zan rubuta kamanninta, launi da ƙaho da tsagar kunne. Mai shela ya yi ta cigiya a kasuwanni. In wa'adi ya cika mai ita bai zo ba, a yi gwanjonta, kuɗin su shiga baitulmali, don ta zama dukiyar jama'a. Kotu ba ta da garke, saboda haka ana ba wani amintacce ajiyarta kafin lokacin. In kuwa ta mutu a hannunsa, sai ya feɗe ta ya kawo fatar da kunnuwanta a jiki, a duba tsagar, a tabbata ita ce. Haka masu shanu suke yi tsakaninsu tun iyaye da kakanni, kotu aro ta yi.

Mai yi mana ajiya wani dattijo ne a gefen Fakku, manomi mai kiwo. Shanunsa na kansa huɗu ne kacal, amma in ka ga garkensa sai ka ce attajiri ne, don fatake da malamai da matan aure duk shi suke ba kiwo. Ladansa nono da taki. Da nonon yake cefane, da takin gonarsa take ba shi geron shekara. Abin da ya mallaka a duniya shi ne an yarda da shi.

A farkon damina aka kawo wata karsana fara mai baƙin kunne, an tsaga kunnen hagu sau biyu. Na rubuta ta da hannuna, na aika da ita Fakku. Aka yi ta cigiya, shiru.

Matata 'yar Jabo ce, gidansu gidan shanu. Duk ran da na je gaisuwa, surukina da ƙannenta sai sun taɓa ni da wasa: ga Malam mai albashi, ko akuya babu. Wasa ne, su sun manta da shi kafin in hau kekena, ni kuwa da shi nake tafiya har Kebbe. Ba yunwa nake ji ba, ba wanda yake bina komai. So nake kawai a ce wannan saniyar Malam ce. Na kuma san masu binciken kotu ba sa zuwa da damina saboda hanya, in ma sun zo akwatin kuɗi da rasit suke dubawa, su ci abinci su wuce.

Wata safiya na tura keke cikin laka har Fakku. Na sami tsohon ya gama tatsa.

"Malam, lafiya da sassafe haka? Dubi wandonka, kamar ka kwana rafi."

"Lafiya lau, Baba. Mai karsanar ga ya bayyana. Mutumin wajen Tambuwal ne, ya faɗi kamanninta duka."

"Alhamdu lillahi! Wanga bawan Allah ya sha jira." Ya je ya kwance ta da kansa, yana shafa wuyanta. "Ka ce mishi kada shi kama ta ta hagu, shuri takai. Kuma ina zaton ta ɗauki ciki nan wurina, shi lura da ita."

Na fito da takarda da tawada. Na ce masa takardar miƙa ajiya ce. Abin da na rubuta a ciki kuwa shi ne karsana ta mutu da kumburin ciki a hannun mai ajiya. Ya dangwala babban yatsansa yana dariya, ya goge shi a gindin turke.

"Ku da tawadarku. Zamanin iyayenmu baki ya isa."

Ya sa matarsa ta miƙo mini nono a ƙwarya, da ɗuminsa. Na shanye. Na ja karsana zuwa bakin hanya, na haɗa ta da wasu baƙi masu korar shanu da za su bi ta Tambuwal, na biya su. Bayan kwana uku tana Jabo. Surukina ya zagaya ta, ya buɗe bakinta ya duba haƙori, ya ce, "Ashe alƙalami na haihuwar saniya!" Aka yi dariya, na ji daɗi ƙwarai. Da na koma, na buɗe littafin tsintuwa na rubuta a gabanta cewa ta mutu.

Bayan kaka, an riga an yi bikin mulkin kai, sai ga wata mota jif ta tsaya ƙofar kotu. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta aiko da mai bincike nata, ba irin waɗanda muka saba da su ba. Siririn mutum ne, ba zai girme ni da yawa ba, yana Hausa irin ta rediyo. Ya ƙi kazar da aka yanka masa, ya ce ya zo da guzurinsa. Ranar farko ya ƙirga kuɗin akwati ya gwada da rasit, ko anini bai ɓace ba. A wannan kam ban taɓa ha'inci ba, ina ma alfahari da shi. Rana ta biyu ya ƙirga benci da ankwa da kwalaben tawada da makullai, har tabarmar da masu ƙara ke zama, yana cewa duk kayan talakawa ne. Alƙalinmu, dattijo mai haƙuri, ya ce mini a hankali, "Wanga in ya gama da tabarmi mu zai ƙirga."

Rana ta uku ya jawo littafin tsintuwa. Ya bi shi da yatsa har ya zo kan karsanar.

"Malam, wannan ta mutu. Ina fatar?"

Wallahi na manta da maganar fata. Ba wanda ya taɓa tambayarta. Na ce tana wurin mai ajiya, zan karɓo. Ya ce to, yana nan har gobe.

Ranar kasuwa ce a wani gari kusa da mu. Na hau keke na je rumfar mahauta, na zaɓi farar fata busasshiya na saya, na ɗaure ta a baya. Ba kunnuwa a jikinta, mahauta ba sa barinsu. A hanya na shirya abin da zan ce.

Da safe na shimfiɗa masa ita a tsakar kotu, gaban alƙali. Mai binciken ya tsuguna. Ya tambayi kunnuwa, na ce karnuka sun cinye lokacin da aka shanya ta. Ya juya cikinta sama, ya shafa da tafin hannu, ya duba tafin. Ya bi gefenta da yatsa, huda bayan huda.

"Malam, ubana dillalin fata ne, cikin warinta na girma. Mutumin ƙauye in ya feɗe saniya, a ƙasa yake kafe fatar da 'yan turaka, rana ta busar da ita. Za ka ga yashi da ciyawa sun manne mata. Wannan ko ƙwayar yashi babu. Da igiya aka ɗaure ta a jikin katako, a inuwa, yadda malaman fata suke koya wa mahauta, ga sawun igiyar nan. Wannan fatar kasuwa ce, sayo ta aka yi." Ya miƙe yana kaɗe hannu. "Wa ya ba ka ita?"

Nan ne Allah ya ba ni ƙofa. Da na faɗi gaskiya a lokacin, da aikina ne zai tafi, wataƙila in yi 'yan watanni a gidan yari, shi ke nan. Na dubi alƙali, na dubi mutanen da suka fara leƙowa ta taga. Na ce, "Tsohon ne ya ba ni, ranka ya daɗe. Ga ma takardar da ya sa wa hannu."

Aka aiki ɗan doka Fakku. Tsohon ya iso da azahar, da igiya a kafaɗa, don ya zaci wata tsintuwar za a ba shi. Alƙali ya karanta masa takardar, ya nuna masa fatar. Tsohon ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, kai da kanka kaz zo. Ka ce mai ita ya bayyana. Ka sha nono gidana."

Na ce na je gidansa gaskiya ne, amma shaidar mutuwar karsana na je karɓowa. Muryata ko rawa ba ta yi ba, har yau wannan yana ba ni tsoro. Alƙali ya tambaye shi ko akwai wanda ya ga lokacin da ya miƙa mini ita. Ya ce daga shi sai matarsa, ita ma tana cikin gida. Alƙali ya ce to, tun da ya yi da'awa a kaina ba shi da shaidu, ni kuma na musa, rantsuwa ta hau kaina. Ya ce in je in yi alwala.

Na fita bayan kotu da buta. Na wanke hannu, na wanke fuska, na shafi kai. Zan so in rubuta cewa a wurin na yi niyyar fasawa, amma ban yi ba. Na dawo da nufin in rantse. Aka kawo Alƙur'ani cikin gafaka, aka fara kwance igiyarta. Na miƙa hannu.

"Allah gafarta Malam, a dakata," in ji tsohon. "A mai da Littafi."

Alƙali ya ce, "Mi kaka nufi?"

"Ɗiyanai ƙanana na, na gan su ran da nik kai mishi nono wurin bikin suna. Ba ni son su tashi gidan da anka yi wagga rantsuwa. Na janye maganata. A ɗauki saniyata a biya."

Alƙali ya gargaɗe shi har sau biyu cewa in ya janye, takardar ce za ta tsaya a kansa, za a rubuta ya ci amanar kotu. Ya ce ya ji. Mutanen da ke taga ba su ji maganar 'ya'yana da kyau ba, ko kuwa sun ji ba su ɗauke ta komai ba. Abin da suka kai gari shi ne malamin kotu ya miƙa hannu zai rantse, tsoho ya tsorata ya ja da baya. Kafin magariba labari ya kai Fakku.

Mai binciken ya rubuta abin da kotu ta yanke, ba shi da ikon rubuta wani abu dabam. Da zai shiga mota ya tsaya ya dube ni, ya daɗe, ya ce, "Malam, littattafanka suna da tsabta." Har yau ban san yabo ne ko wani abu ba.

Aka yi gwanjon babbar saniyar tsohon a ƙofar kotu, wadda ta fi ba shi nono. Ni na yanka rasit ɗin. Kotu ta daina ba shi ajiya. Daga nan masu shanu suka fara zuwa, yau wannan gobe wancan, kowa da uzurinsa: wani zai aurar da ɗiya, wani ya ce ɗan'uwansa ya dawo zai riƙe masa. Ba wanda ya ce masa ɓarawo a fuska. Kafin damina ta zagayo, garken ya koma saniya uku. Gona ta rasa taki, gero ya ja baya. Na taɓa ganinsa a kasuwa yana sayar da harawa, ɗauri biyu a gabansa. Na so in kauce, ya riga ya gan ni.

"Malam, ya ɗiya? Suna lafiya?"

Na ce lafiya lau. Ya ce madalla. A watan na nemi a sauya mini wurin aiki, aka mai da ni Tambuwal da takardar yabo.

Karsanar ta haihu a Jabo, kamar yadda ya ce. Ta sake haihuwa, 'ya'yanta ma suka haihu. Surukina ya daina yi mini wasan akuya, ya koma neman shawarata. Ana aiko mana da nono da man shanu, na kuma ci, 'ya'yana suka ci. Nakan ba da sadaka fiye da ƙarfina ran Juma'a, in ce a raina ladan na tsohon ne. Na san wannan ba biya ba ne. Sau biyu na ɗauki alƙalami zan rubuta wa ofishin masu bincike, sai in tuna ban ma san a wane ɗaki rahoton yake kwance ba, in sami dalilin ajiye alƙalamin.

A shekara ta bakwai, wata ranar kasuwar Tambuwal, sai ga surukina da jaki a ƙofar gidana. Ya sauke wani abu a zaure ya warware. Saniyar ce ta mutu, ya kawo fata. Ta bushe ta ƙandare, yashi da busasshiyar ciyawa sun manne a cikinta, ga hudar turaka a gefe. Kunnuwa biyu baƙaƙe suna nan, na hagu da tsaga biyu.

"Ga shaidarka, Malam," in ji shi. "Duba kunnen da kyau, kada wata rana a ce mun ci amana."

Ya faɗa ne da wasa, kamar yadda ya saba. Fatar ta kwana uku a zaure, ina shiga ina fita ina tsallake ta. Matata ta ce ko in sayar ko in fitar mata da ita, wari ya ishe ta. Na zaunar da ita na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Nonon da nib ba ɗiyana ke nan?" Ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari na naɗe fatar na shiga lori zuwa Kebbe, daga can na taka da ƙafa, tana bisa kaina. Na sami tsohon zaune a gindin bango. Turakan garken suna nan a kafe, ba ko saniya ɗaya. Matarsa ta rasu, yanar ido ta rufe masa gani. Na yi sallama, ya gane muryata tun ban faɗi ko ni wane ne ba.

"Malam ne? Ya ɗiya?"

"Sun girma, Baba."

Na ajiye fatar a gabansa, na kama hannunsa na ɗora a kan kunnen hagu. Ya bi tsagar da yatsa, ta farko, ta biyu. Ya shafa cikinta, ya murza yashin.

"Wagga kam ita ce. Mai shanu ya shanya ta." Ya ɗago kai. "Ta bar shuri ta hagu?"

"Ba ta bari ba, Baba, har ta mutu."

"Ta haihu nawa?"

Na gaya masa, na ce duk nasa ne, da ita da abin da ta haifa, zan koro su har ƙofar gidansa.

"Wa za shi kiwonsu? Ƙafa ta tafi, ido ya tafi. Ka kawo, jikoki su sha nono, ban hana ka ba. Amma ba shanu nika jira ba, Malam. Waɗanda sunka kwashe dabbobinsu nan, rabinsu sun mutu suna ɗaukata ɓarawo. Tsohuwa ma ta tafi ba ta ji an wanke ni ba. Waɗanda sunka rage, kana samunsu masallaci da la'asar."

Na riƙe masa sanda muka tafi. Aka yi salla. Da liman ya sallame, na roƙi jama'a kada kowa ya tashi. Na fita na shimfiɗa fatar a ƙofar masallaci inda kowa zai gani, na dawo na durƙusa gaban tsohon. Da yawansu sun gane ni, wasu har sun fara yi mini maraba. Na ɗaga murya yadda na sahun baya zai ji, na ce:

"Jama'a, ku shaida. Waccan ita ce fatar karsanar kotu, yau kwana kaɗan da mutuwarta a garken surukina a Jabo. Ni na zo na karɓe ta da ƙarya, ni na rubuta ta mutu, ni na sayo fatar da aka nuna a kotu. Na yi alwala zan rantse a kan ƙarya, bawan Allahn nan ya hana ni saboda 'ya'yana, ya biya da saniyarsa da sunansa. Bai taɓa cin amanar kowa ba. Baba, na cuce ka, na cuci tsohuwa da ba ta nan balle in roƙe ta. Ba ni da abin da zan mai da maka da shekarun nan. Don Allah ka yafe mini."